Tarihin Kwalbar Jarirai: Daga Akwatin Ƙyanƙyasar Kaji Zuwa Ƙirjin Uwa

Na'urar da za mu kwance yau ba ta shiga aljihu. Ita ce wadda mutanenmu ke kira kwalba, wadda ake sa bakwaini a ciki a asibiti. Ko ba ka yi aure ba tukuna ka daure ka karanta, domin a gidanku ko akwai mai ciki yanzu, ko za a samu.

Ga abin da ya sa na shiga bin tarihinta. Sanyin bara waccan, matar yayana a nan Unguwar Ya ta fara ciwon baya bayan la'asar, cikinta wata bakwai da 'yan kwanaki. Cikin fari ne, kunya ta hana ta magana har bayan isha. Da ta gaya wa Inna, sai Inna ta ce ai lokaci bai yi ba, sanyi ne ya shige ta, ta kwanta ta rufa. Ba laifin Inna ba ne, lissafinta daidai ne, lokaci bai yi ba ɗin. Sai da faya ta fashe wajen asuba sannan muka bazama neman mota. Ba mu cika awa biyu da isa asibiti ba ta haifi mace, kilo ɗaya da rabi, tafin ƙafarta bai kai batirin ƙaramar Nokia ba. Sistar da ta karɓe ta ta dubi Yaya ta ce, “Malam, da tun jiya kuka kawo ta, da mun samu lokacin yi mata allurar huhun yaro.” Ni a lokacin ban san akwai wata allura wai ita ta huhun yaro ba. Sannan a barandar asibitin, wanda ba zan kama sunansa ba, na ga wata kwalba a mace an jera kwalaye a kanta. Ka san mai gyara, in ya ga mataccen inji hannunsa ƙaiƙayi yake. Waɗannan abubuwa biyu, allurar da kwalbar, su suka hana ni sakat.

Bari mu fara daidaita lissafi. Asibiti da sati suke ƙirga ciki, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Cikakken ciki sati 40 ne, kwana 280. Duk jaririn da ya fito kafin sati 37 su cika, bai isa haihuwa ba. Ka ga kenan kalmarmu ta bakwaini ta yi kaɗan, domin ɗan wata takwas ma yana ciki, haka ɗan wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a duniya, wato kusan ɗaya cikin goma. Najeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan, da fiye da 770,000 a shekarar. Kuma a duk abin da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya, matsalolin haihuwa kafin lokaci ne kan gaba.

Za ka ji tsofaffi na cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Na ɗauka tamu ce mu kaɗai, ashe likitocin Girka sun rubuta haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce, maganar ta yi ta yawo har ta iso mu. Ba gaskiya ba ce. Kowane sati da yaro ya ƙara a ciki riba ce gare shi, ɗan wata takwas ya fi ɗan bakwai ƙwari nesa ba kusa ba. Haɗarin wannan magana shi ne a sallama yaron da zai iya rayuwa. Wani abu kuma, tunda mun zo wurin: amaryar da ta haihu a wata bakwai ba abin zargi ba ce. Malaman fiƙihu tun tuni suka tsayar cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Masu gulmar unguwa su kiyaye.

Me ke kashe bakwaini? Na farko sanyi. Ba shi da kitse a ƙarƙashin fata, fatar ma siririya ce, zafin jikinsa na zuba kamar cajin tsohon batir. Ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya sauka, jikin zai ƙone ɗan sukarin da yake da shi don ya ɗumama kansa, sukari ya faɗi, numfashi ya rikice. Sai huhu, wanda zan zo kansa. Sai tsotso: kafin wajen sati 34 yaro bai iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi a lokaci ɗaya ba, shi ya sa ake tatsar nono a ba shi da ɗan kofi ko ta siririyar roba. Ga ƙwayoyin cuta da ke kama shi da wuri, ga shawara da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa in ta yi yawa. Tarihin da zan ba ka, tarihin yaƙi da waɗannan ne ɗaya bayan ɗaya, kuma da sanyi aka fara.

Wajen 1880 akwai wani likitan haihuwa a birnin Faris na Faransa, Stéphane Tarnier. Ya je gidan namun daji ya ga akwatin da ake ƙyanƙyasar ƙwai da shi, irin dai abin da masu kiwon kaji ke amfani da shi yau. Sai ya sa wanda ya ƙera na kajin, Odile Martin, ya yi masa na mutane. Akwatin katako ne mai hawa biyu, tankin ruwan zafi a ƙasa, jariri a sama, murfin gilashi. Ba lantarki, ba sikirin, ba komai. Amma a asibitin haihuwa na Faris, mutuwar jariran da ba su kai kilo biyu ba ta sauko daga kusan 66 cikin 100 zuwa 38. Ruwan zafi da katako fa. In ka tuna yadda kakanninmu ke naɗe bakwaini da auduga su kulle shi a ɗaki da kaskon wuta, za ka ga sun gano matsalar daidai. Abin da Tarnier ya fi su da shi shi ne ma'aunin zafi, da kuma rashin hayaƙi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, ga babba ma balle ɗan tsurut.

Ɗalibinsa Pierre Budin ya ɗora. Shi ya nace kan nonon uwa da tsafta, ya kuma lura da wani abu da za a manta da shi na kusan shekara 80: in aka raba uwa da jaririnta na tsawon lokaci, nono na ƙafewa, shaƙuwa na raguwa. Shi ya sa ya so gilashi, don uwa ta riƙa ganin ɗanta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya biyo baya kam sai ka ce tatsuniya. Asibitocin Amurka ba su yi saurin karɓar kwalba ba. Wani mutum, Martin Couney, sai ya kai ta filin wasa. Daga 1903 har 1943, a wurin shaƙatawa na Coney Island a Niyu Yok, kusa da masu lilo da masu wasan dabo, yana da rumfa cike da kwalabe da jarirai na gaske a ciki. Mai kallo ya biya santi 25 ya shiga, iyayen yara ba sa biyan ko sisi, kuɗin kallo ke biyan masu jinya. Shi da bakinsa ya ce ya ceto kusan yara 6,500. Masu bincike daga baya sun nemi shaidar cewa ya yi karatun likita ba su samu ba. Ni dai har yanzu na kasa yanke masa hukunci. Nuna 'ya'yan mutane kamar kayan kasuwa abin ƙi ne, amma yaran da asibiti ya ce a koma da su gida su mutu, a rumfarsa suka rayu.

Da asibitoci suka karɓa, sai aka faɗa wani rami. A shekarun 1940 aka ƙera kwalabe masu rufuwa ruf, aka riƙa cika su da iskar oksijin, tunda an ga yaran na samun sauƙin numfashi. Tunanin shi ne in kaɗan ta yi amfani, mai yawa za ta fi. Duk wanda ya taɓa sa wa waya cajar da ta fi ƙarfinta ya san ƙarshen wannan tunani. Oksijin mai yawa na lalata jijiyoyin jinin da ke bayan idon bakwaini, waɗanda ba su gama tsirowa ba. Kafin a gane, yara kusan 10,000 sun makance. Mawaƙin nan Stevie Wonder, da aka haifa a 1950 saura sati shida lokacinsa, yana cikinsu. Wata likita a Ostireliya, Kate Campbell, ta nuna alaƙar a 1951, gwaji a Amurka ya tabbatar a 1954. Sai kuma aka koma ɗaya gefen, aka matse oksijin ƙwarai, makanta ta ragu amma mutuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Sai da aka samu hanyar auna iskar da ke cikin jinin yaro sannan aka daidaita. Ɗan abin nan mai jar wuta da ake ɗaura wa jariri a ƙafa, aikinsa kenan. In ka je dubiya ka ga sista ta rage oksijin, kada ka ce rowa take, kuma don Allah kada ka sa hannu ka murɗa.

Yanzu huhu. A cikin huhu akwai 'yan jakunkuna ƙanana miliyoyi. In ka fitar da numfashi, abin da ke hana su mannewa kamar jiƙaƙƙiyar leda shi ne wani ruwa mai santsi irin na sabulu da huhun ke yi da kansa. Ɗan tayi ba ya tara isasshe sai wajen sati 34 zuwa sama. Wanda ya fito kafin nan, kowane numfashi kamar hura sabuwar balan-balan ne daga farko. Za ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, hancinsa na buɗewa, yana wani ɗan nishi, har ya gaji. Wata likita, Mary Ellen Avery, da abokin aikinta Jere Mead, su suka gano rashin wannan ruwa ne sanadi, a 1959. Ganowa daban, magani daban. Ranar 7 ga Agusta 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi namiji, Patrick, saura sati biyar da rabi, nauyinsa ya ɗan haura kilo biyu. Duk likitocin da ƙasar ke taƙama da su sun taru a kansa. Awa 39 ya yi ya rasu. Ka duba, ya fi 'yar yayana nauyi da girman ciki, ubansa ne shugaban ƙasar da ta fi kowa kuɗi, amma abin da zai cece shi bai zo duniya ba tukuna. Bayan rasuwarsa kuɗi da hankali suka karkata kan jarirai. A 1971 George Gregory ya nuna cewa in aka riƙa tura wa yaro iska a hankali ba yankewa, jakunkunan ba sa rufewa. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Jafan ya zuba wa jarirai goma ruwan santsin da aka haɗa daga huhun shanu, ya yi aiki.

Amma wanda ya fi shafar mu a nan, daga tumaki ya fito. Graham Liggins likita ne a Niyu Zilan, ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa. Yana binciken abin da ke tayar da naƙuda, yana ba 'yan tayin tumaki wani sinadari. Sai ya ga ɗan tunkiyar da ya fito tun lokaci bai yi ba, wanda a ƙa'ida huhunsa bai kamata ya buɗe ba, yana numfashi. Wani da ya ce ikon Allah ya wuce. Shi ya tsaya ya tambayi dalili. Shi da likitan yara Ross Howie suka gwada a kan mata 282 da naƙuda ta zo musu da wuri, suka fitar da sakamako a 1972: in aka yi wa uwa allurar kafin ta haihu, maganin na ratsawa zuwa ga yaro ya gaggauta nunar huhunsa. Wannan ce allurar da Sista ke nufi.

To ga inda gizo ke saƙar. Allurar na buƙatar lokaci. Cikin kwana biyu ake gama ta, kuma ta fi aiki in an samu aƙalla awa 24 kafin haihuwa. Akwai ma maganin da likita kan bayar don ya ɗan ja wa naƙudar birki na kwana ɗaya ko biyu, ba don komai ba sai don allurar ta samu ta yi aiki, ko a samu a kai mace babban asibiti da yaron yana ciki. Mu kuwa daren nan guda da muka yi muna cewa sanyi ne, shi ne lokacin. Mun kashe shi a gida.

An gwada ta a ƙasarmu ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a asibitoci 29 a Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladash, kan mata 2,852 masu cikin sati 26 zuwa 34, aka fitar a 2020. Mutuwar jarirai ta kasance 19.6 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa, 23.5 ga waɗanda ba a yi wa ba. Sunan maganin dexamethasone, kuma na san wasu sun gane shi, shi ne wanda 'yan mata ke sha don ƙiba, cikin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Saboda haka ka saurare ni da kyau: kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis. Wani babban gwaji da ya fito a 2015, inda aka riƙa bayar da shi a ƙananan wurare ba tare da tabbatar da satin ciki ba, ya nuna mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, uwaye kuma suka fi kamuwa da ƙwayoyin cuta. Sai an san satin cikin, an tabbatar haihuwar ta kusa, an duba uwa ba ta da zazzaɓin ƙwayar cuta, kuma akwai inda za a kula da yaron in ya fito. Aikin asibiti ne.

Mu dawo kan matacciyar kwalbar baranda. Ba a wuri ɗaya take ba, ƙasar nan cike take da irinta. Ana sayo su da tsada daga Turai ko a kawo kyauta, an ƙera su don inda wuta ba ta rawa kuma ƙura ba ta shiga. Wuta ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu, fanel ya ƙone, babu kayan gyara, babu mai gyara, a tura ta lungu. Wani injiniya, Farfesa Hippolite Amadi, wanda ke da alaƙa da jami'ar Imperial ta Landan, ya kalli abin da idon mai gyara. Kwalba fa in ka kwance ta, akwati ne, da hita, da fanka, da sensa mai jin zafi, da ɗan fanel mai kunna hitar da kashe ta. Gangar jikin ba ta mutuwa. Tun farkon shekarun 2000 ya riƙa bin asibitocin Najeriya yana fito da waɗanda aka yasar, ya cire kayan cikinsu ya sa waɗanda ake samu a kasuwa da araha, su koma aiki. Mu da ke cire bakin caji daga matacciyar waya mu sa wa mai rai, mun san wannan karatun.

Wani aikin nasa ya fi ba ni sha'awa don a maƙwabta aka yi, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru a jihar Yobe. An lura jarirai na yin zazzaɓi da yamma lokacin zafi, zazzaɓin da za a iya ɗauka na ƙwayar cuta ne a hau ba da magani. Ashe bango da rufi ne ke shan rana tun safe, su sako zafin cikin ɗaki da yamma. Kwalba kuwa ɗumamawa kawai ta iya, ba ta iya sanyayawa ba. Wanda ya ƙera ta a Turai bai taɓa zama a Nguru a watan Afrilu ba. Gyaran da aka yi na ginin ne kansa, yadda zafin waje ba zai riƙa ratsowa ba. A 2023 Amadi ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya da kamfanin NLNG ke bayarwa, dala 100,000, saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu aiki da sola.

Duk da haka, ko an gyara kowace kwalba a Jigawa ba za su isa ba. Wannan matsalar ce ta ci wa wani likita tuwo a ƙwarya a Bogota, babban birnin Kolombiya, a 1978. Edgar Rey yana aiki a wani babban asibitin haihuwa na talakawa, jarirai sun fi kwalabe yawa, ana haɗa biyu ko uku a ɗaya, cuta na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Sai ya ce a cire wa yaro kaya a bar masa kunzugu da hula, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwarsa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Aka sa wa abin sunan kangaru, dabbar Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a jakar ciki. Jikin uwa na nan a digiri 37, ba ya jiran a kawo wuta, ba ya cin mai. Nono na kusa, yaro na jin bugun zuciyar da ya saba da shi, numfashinsa na daidaita. Maganar Budin ce ta dawo ta wata ƙofa.

Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce sai yaro ya warware a kwalba sannan a ba uwa. Sai aka gwada farawa nan take, a asibitoci biyar a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, namu shi ne asibitin koyarwa na Ile-Ife. Jarirai 3,211 ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Sakamakon 2021: cikin kwana 28 na farko, 12 cikin 100 suka rasu a waɗanda aka ɗora wa uwa nan take, 15.7 a waɗanda aka jira. A Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta canja shawararta, ta ce a fara tun daga haihuwa, sai dai yaron da ya kasa numfashi da kansa ko ya galabaita ƙwarai. Ka lura, a cikin asibiti aka yi wannan, da oksijin da ma'aikata a gefe. Goyon ƙirji bai soke zuwa asibiti ba.

Mu Hausawa ba a koya mana goyo. Juyo shi gaba kawai za a yi, a cire rigar da ke tsakani. Inda ake samun gardama shi ne wanka. A wurinmu jariri na faɗowa ungozoma ta hau dirje shi, wai kada ya yi wari in ya girma. Ga bakwaini a watan Janairu, wannan wankan na iya zama ajalinsa. A goge shi da busasshen zane mai tsafta, a sa masa hula, a manna shi a ƙirji, a rufa su tare, a kama hanya a haka. In uwar ba ta da ƙarfi, kaka ta ɗauka, ko uban.

Hukumar ta ce a ƙasashe matalauta rabin jariran da aka haifa a sati 32 ko ƙasa suna mutuwa saboda rashin ɗumi, taimakon shayarwa, da maganin cuta da na numfashi, alhali a ƙasashe masu arziki kusan duk suna rayuwa. A yankinmu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, a Jahun kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na aikin haihuwa da jarirai a babban asibitin garin tun 2008. Amma wanda ke Basirka ko Farin Dutse ko cikin ƙauyukan Gwaram, tsakaninsa da waɗannan akwai hanya, akwai dare, akwai neman mota. Shi ya sa gane naƙudar da wuri ya fi mana komai.

Ba kullum take zuwa da ihu ba. Ciki ya riƙa tamkewa yana saki a kai a kai, kamar duk minti goma ko ƙasa, ko da ba zafi. Ciwon ƙugu mai nauyi da ba ya tafiya in an canja kwanciya. Murɗar mara irin ta al'ada. Jin kamar yaro na dannowa ƙasa. Ruwa na ɗiga ko ya zubo, ko jini, ko majina-majina. Mata kan ce zaƙi ne ke fita a share, to kafin wata tara kada a share. Ruwa ko jini kam ba a jiran safiya. Sau da yawa ba a sanin abin da ya tayar da ita, amma zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi na fitsari, hawan jini, ƙarancin jini, tagwaye, ciki a ƙananan shekaru, kunika, da wadda ta taɓa haifar bakwaini, duk suna ƙara haɗari. Rabin waɗannan a wurin awo ake kama su, a can ne kuma ake ba da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓin.

Wayar da ke hannunka na da aiki a nan. Buɗe kalanda, ka sa ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe, ka sa tunatarwa mai maimaituwa duk sati, ka ga kullum kun san satin da ake ciki. In ba a tuna ranar ba, hoton ciki da aka yi a watannin farko ya fi na ƙarshe faɗin gaskiyar sati. Ɗauki hoton katin awo da takardar sikanin ka ajiye, kati na ɓata a ranar da ake nemansa. In ciki ya fara tamkewa, shiga agogo ka kunna mai ƙirga daƙiƙa, duk tamkewa ka danna, cikin awa ɗaya za ka ga tazarar da idonka, kuma abin da za a fara tambayarka kenan a asibiti. Ajiye lambar direba biyu, ba ɗaya ba, ka gaya musu tun yanzu cewa za ka iya kira da tsakar dare. Kuma ka bar mata waya mai caji da kati in za ka fita. Ke kuma 'yar uwa, in kunya ta hana ki faɗa wa surukarki, tura wa mijinki saƙo ko ki kira yayarki.

'Yar yayana ta yi kwana shida da robar iska a hanci. Wuta ta ɗauke sau biyu a daren farko, ina tsaye a taga ina ƙirga daƙiƙun da janareta zai tashi. Bayan nan aka koma goyon ƙirji, uwar ta yi, Inna ta karɓa. Yaya da farko ya ce shi ina, namiji da goyo a gaban mutane? Sista ta ce masa, “Malam, cire rigar, ba kallonka muke ba.” Ya cire. Sun yi sati uku aka sallame su, ba a yi taron suna ba sai da ta yi arba'in. Yanzu tana tafiya, an kai ta an duba idonta da kunnenta lafiya lau, sai dai tari na saurin kama ta in sanyi ya shigo.

Ranar sallama na tambayi wani ma'aikaci me ya samu kwalbar baranda. Ya ce tana kunnuwa, amma ba ta riƙe zafi, sai ta yi ta ƙara. A kunnena wannan ya yi kama da sensa ko fanka. Ban taɓa ta ba, domin ba waya ba ce da in ka yi kuskure za ka biya mai ita, sai wanda ya koyi gyaran kayan asibiti kuma yake da abin gwada ta. Na dai ɗauki hoton lambar da ke bayanta, yana nan cikin wayata.